Wuta-wutar da Ke Tsiro a Fatar Mutum

Duk wanda ya taɓa noman gero ko dawa a tudun Gwandu ya san wuta-wuta, wadda wasu ke ce wa ƙuduji. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, sai ya kwanta cikin ƙasa shekara da shekaru ba wanda ya san da zamansa. Muddin gona na da ƙarfi, tana shan taki, ba ka cika ganinta ba. Ran da ƙasa ta gaji kuwa, sai ka tarar furanninta sun cika kunya, gero ya ƙanƙance ya ƙi gaba. Abin haushin ma, kafin ta leƙo waje ta daɗe da kama saiwa tana tsotso.

To, akwai ciwon daji na fata mai irin wannan hali sak. Iri biyu ne ma. Ɗaya sunansa Kaposi, shi ne wanda likitocinmu ke gani a asibiti. Ɗayan Merkel, shi kuwa ganinsa sai an tona, ko a ƙasashen Turawa inda ya fi yawa. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu galibi ƙwayar cuta ta bairos ce ke shuka shi, kuma ƙwayar tana kwance lamo a jikin ɗimbin mutane masu ƙoshin lafiya, ba ta ce musu ci kanku ba har su koma ga Mahaliccinsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon kuwa a nan shi ne garkuwar jiki.

Wani likitan fata ɗan ƙasar Hangare mai suna Moritz Kaposi ne ya fara bayyana na farkon a birnin Biyana a 1872, a jikin wasu dattawa. Daga baya aka lura ashe a tsakiyar Afirka da gabashinta, wajen Kwango da Yuganda, ciwon ba baƙo ba ne. Da cutar ƙanjamau ta ɓulla a 1981, waɗannan tabbai na cikin alamun farko da suka ɗaga hankalin likitocin Amurka. Kowa na zargin akwai wata ƙwaya a ƙasa, amma an rasa mai kama ta, sai a 1994 wasu mata da miji masu bincike, Yuan Chang da Patrick Moore, suka cafke ta a Jami'ar Kolumbiya da ke Niyok. Bayan shekara 14, a 2008, su ɗin dai da abokan aikinsu suka kama ta Merkel a Fitsbag. Bairos bakwai aka sani masu jawo daji ga ɗan Adam, biyu daga ciki gida ɗaya ya gano su. Wannan aure ya yi albarka.

Yadda suka yi kamun na farko kuwa, almajirin Gwandu zai fi ɗan boko saurin ganewa. Jikin mutum gari ne mai ɗakuna bila adadin, kowane ɗaki likitoci na ce masa sel. Cikin kowane ɗaki akwai littafi guda cikakke da ke ɗauke da umarnin yadda za a gina mutum da yadda za a tafiyar da shi, shi ake kira DNA. Ka tuna littattafan malamanmu na dā, tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo: ba a ɗinke su, warƙa-warƙa ne, a haɗa a naɗe da fata a sa cikin gafaka. Mai so ya mallaka sai ya zauna ya kwafa da hannu. Haka sel ke yi, duk lokacin da zai rabu biyu sai ya kwafe littafin nan kaf, kowane ɗaki ya tashi da nasa. To su Chang sai suka ɗauko littafi daga naman da ke da tabo, suka ɗauko wani daga lafiyayyen naman mutum ɗaya, suka jera su kamar malamai biyu masu bitar kwafi, wannan na karantawa wancan na bi da yatsa. Duk layin da ya zo ɗaya a watsar. Abin da ya yi saura, wanda ke cikin na tabo babu shi a na lafiya, shi ne rubutun baƙo.

Daga nan ne halin ɓarayin biyu, wato ƙwayoyin nan, ya bambanta. Ƙwayar Kaposi ba ta taɓa rubutun malam. Tata warƙar take kawowa, ta lanƙwashe ta kamar zobe, ta cusa cikin gafaka. Don kada ta faɗi garin kwafa, tana da wani sinadari mai suna LANA wanda aikinsa aikin ƙarangiya ne: gefe ɗaya ya kama warƙar baƙo, ɗaya gefen ya maƙale a littafin mai gida. Mai kwafa kuwa bawan Allah ne, abin da ya tarar cikin gafaka shi yake kwafewa. Ta haka kowane sabon ɗaki ke tashi da baƙonsa, baƙon kuma ya yi shiru, ba tari ba atishawa, don kada masu gadi, wato garkuwar jiki, su ji motsinsa.

Warƙar nan ba ƙarama ba ce, umarni sama da 80 ke cikinta, kuma da dama daga cikinsu na sata ne. Tun zamanin da ba a sani ba ƙwayar ta kwaikwayi wasu umarnin jikinmu ta riƙe. Ka ɗauka wani ne ya sassaƙa hatimin hakimi, yana zaune a lungu yana buga takardu, gari na bi. Takarda ɗaya ta ce wa sel ya yi ta haihuwa. Wata ta ce kada ya mutu ko da lokacinsa ya yi. Wata ta aika a kira masu gadi wurin da ba ɓarawo, su yi ta hayaniya, hayaniyar kuma ita ce kumburi.

Ba wai jiki bai yi tanadi ba. Kowane sel na da dabaibayi kamar jakin da aka kai kiwo bakin gona, sunan dabaibayin Rb. Muddin yana ƙafa, jaki zai yi kiwonsa a inda aka aje shi, ba zai faɗa gonar mutane ba. Akwai kuma p53, ita kuwa uwargida ce mai ɗanɗana miya kafin a kai wa maigida. In gishiri ne ya yi kaɗan ta gyara, in ta ji miyar ta yi tsami ta ce a zubar da tukunyar duka. Sel ɗin da littafinsa ya ɓaci ƙwarai, p53 ce ke umartarsa ya kashe kansa don gari ya zauna lafiya. Ƙarangiyar nan LANA, ban da aikin maƙalewa, tana kwance dabaibayi, tana kuma toshe bakin uwargida. Jaki ya shiga gona, ruɓaɓɓiyar miya ta isa gaban maigida.

Sai batun launi. Me ya sa tabon Kaposi yake ja-ja ko shuɗi-shuɗi a farar fata, a tamu kuma ya yi duhu kamar an ɗiga tawada? Je fadama lokacin noman rani ka ga amsa. Mai shinkafa ya kafa injinsa ya ja lambatu, ruwa na bin hanya ɗaya zuwa kowane fangali. A ce wani maƙwabci marar kunya ya zo da dare ya yi ta fasa lambatun nan yana jan ƙananan hanyoyi barkatai zuwa nasa wurin, ba tsari ba daɓe. Gari na wayewa wuri ya zama caɓi. Haka ƙwayar ke yi da jini. Asalin ɗakunan da take shiga na bangon hanyoyin jini ne da na ruwan jiki, sai ta sa su fitar da wani kira mai suna VEGF, wanda ma'anarsa a jiki ita ce a haƙa sabuwar hanya. Hanyoyin gaggawa kuwa yoyo suke yi. Jinin da ya tsiyaya ya kwanta shi ne launin da ake gani. In kuma abin ya toshe magudanar ruwan ƙafa, sai ƙafa ta kumbura ta yi tauri kamar icce, har a ɗauka tundurmi ne.

Tabon yakan fara a ƙafa ko tafin sawu, sau da yawa ba zafi ba ƙaiƙayi, daga shafaffe ya zama ƙulli. Yakan fito a ganɗa ko dasashi, wurin da ba mai dubawa sai likitan da ya san aikinsa. In ya shiga huhu ko hanji, a nan ne yake kisa. Ƙwayar kanta, a Afirka, an fi ɗaukarta tun ƙuruciya ta hanyar yawu, shi ya sa masana ke kallon al'adar tauna wa jariri abinci da ido biyu. A Yuganda fiye da rabin manya na ɗauke da ita, a Amurka ba su kai ɗaya cikin goma ba. Amma a riƙe wannan da kyau: ɗaukar ƙwaya daban, ciwon daji daban. Ba a ɗaukar daji don an gaisa da mai shi ko an yi jinyarsa. Kuma ba duk mai Kaposi ne ke da ƙanjamau ba. Akwai na tsufa, akwai wanda Afirka ta sani tun kafin a ji sunan ƙanjamau, akwai na waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Masu saurin yanke wa mutum hukunci daga ganin ƙafarsa su ji tsoron Allah.

Na masu dashen ƙodar nan shi ya fi komai tona asirin ciwon. Ana ba su magani da gangan don a kwantar da garkuwar jiki, kada ta yaƙi sabuwar ƙoda. Sai tabo ya fito. Likita ya rage maganin ko ya sauya shi, sai a ga tabon na janyewa da kansa. Wane irin daji ne wannan da ke ja da baya don kawai mai gadi ya farka?

Kafin mu je ga magani, bari mu leƙa ɗan'uwansa. Sel ɗin Merkel, wanda wani Bajamushe Friedrich Merkel ya gano a 1875, su ne ke taimaka wa yatsa ya bambance gero da tsakuwa in mace na tsince hatsi a faifai. Dajin da aka sa wa sunansu kuwa sai a 1972 wani likita Cyril Toker ya bayyana shi. Ƙulli ne mai tauri, marar zafi, mai saurin girma, yawanci a fuska ko wuya ko hannun tsoho farar fata da ya sha rana. A duk faɗin Amurka wajen mutum 3,000 yake kamawa a shekara. Ga baƙar fata ya fi haka ƙaranci nesa, ko da yake raunin garkuwa na ninka haɗarinsa. Sai dai ƙanƙantarsa ta barkono ce, da wuri yake tsallakawa zuwa kaluluwa.

Ƙwayarsa 'yar mitsitsiya ce, umarnin da ke warƙarta bai wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma mafi yawanmu muna ɗauke da ita a fata tun muna yara, kamar ƙurar hanyar Jega a rigar matafiyi. To me ya sa ciwon ya yi wuya haka? Domin sai tsautsayi biyu sun haɗu a ɗaki ɗaya. Na farko, maimakon warƙar baƙo ta tsaya gefe, sai mai kwafa ya yi kuskure ya shigar da ita tsakiyar rubutun malam, ta zama layi cikin layuka. Na biyu, babban makamin ƙwayar, wanda ake kira babban T, sai ya gutsure. A cikakkensa hannu biyu gare shi: ɗaya na kwance dabaibayin Rb, ɗaya na buga sababbin ƙwayoyi har ɗakin ya lalace ya mutu. In hannu na biyu ya karye na farko ya rage, ka sami baƙon da ya karya ƙafa a gidanka. Ba ya iya tafiya, ba ya rushe ɗakin balle a huta, aikinsa kullum sakin jaki. Kusan takwas cikin goma na masu wannan ciwo a Turai da Amurka haka nasu yake.

Sauran biyun babu ƙwaya ko ɗaya a nasu, rana ce ta yi ɓarnar. A Ostireliya ma irin wannan ya fi yawa. In ka buɗe littafinsu sai ka ga kamar wanda gara ta ci ruwa kuma ya daka, kurakurai dubbai, har wurin da aka rubuta Rb da p53 ya goge. Na mai ƙwaya kuwa tsaf yake, layin baƙo kaɗai ne aibinsa. Hanya biyu, masauki ɗaya. (Zabiyanmu da rana ke ƙona wa fata, nasu dajin yawanci wani iri ne daban, amma hula mai faɗi da riga mai dogon hannu wajibi ne gare su.)

Ido ba ya raba waɗannan cututtuka, ko idon likita ne. Sai an yanki ɗan nama, bai fi ƙwayar wake ba, an kai ɗakin gwaje-gwaje. Aikin can aikin marina ne. Ana tsoma naman cikin rini iri-iri, kowane rini da abin da yake kamawa. Rinin LANA in ya kama, sai tsakiyar sel ta yi ɗige-ɗige kamar gashin zabuwa, an tabbata Kaposi ne. Na Merkel akwai nasa rinin, CK20, mai barin ɗigo guda a gefe. A nan ne nake da ja da maganar nan da ta zauna a bakin mutanenmu, wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Saboda ita sai a yi wata da watanni ana shafe-shafe, a je wa wanzami ya yi tsaga ko ya kafa ƙaho a kan tabon da shi kansa jini ne cunkus, wani ya ce sammu ne, wani ya ce an taka abu. Ran da aka isa asibiti abu ya riga ya ci jiki, in rai ya yi halinsa sai a ce ai allurar ce. Ba allurar ba ce, jinkirin ne.

Maganin Kaposi mai tafiya da ƙanjamau, farkonsa ba maganin daji ba ne sam. Ƙwayoyin nan ne na rage kaifin ƙanjamau da ake sha kullum, waɗanda ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati. Takin gona ke nan. Garkuwa ta farfaɗo, masu gadi su dawo bakin aiki, ga mutane da yawa masu 'yan tabbai kaɗan wannan kaɗai ya isa tabo ya dushe cikin watanni. Wani lokaci a makonnin farko sai tabon ya ƙara fushi, don masu gadin da suka farka sun faɗa wa ɓarawo da duka. Ba dalilin daina shan magani ba ne, dalilin komawa wurin likita ne. In ciwo ya bazu ko ya shiga ciki, sai a haɗa da allurar daji ta ƙarin ruwa. Wani babban gwaji da aka yi a ƙasashen Afirka da Barazil, wanda aka buga sakamakonsa a 2020, ya nuna wata allura mai suna paclitaxel ta fi tsofaffin haɗe-haɗen da aka saba bayarwa don arha. Akwai kuma gashi da na'ura ga tabon da ya tsaya wuri ɗaya yana ciwo ko zubar jini.

Ga wani gargaɗi da ya shafe mu kai tsaye. Magungunan nan irin su dexamethasone da prednisolone, da ake saye a kemis ba takardar likita, wasu don ciwon gaɓoɓi, 'yan mata kuma don ƙiba har ana musu kirari da sha-ka-fashe, aikinsu shi ne sa masu gadin jiki barci. Mai Kaposi ya sha su, ya zuba wa wuta fetur.

Merkel kuwa, in an same shi da wuri, fiɗa ce da gashi. In ya bazu, a dā allurar daji kan narkar da shi kamar ƙanƙara a rana, amma bayan 'yan watanni ya dawo da ƙarfinsa. Abin da ya sauya labari sai mu je kasuwar Kalgo mu gan shi. A ce 'yan sintiri na zagaya kasuwa, sun san fuskar ɓarawo sarai. Amma akwai ƙa'ida: duk wanda ya nuna wata takardar shaida ɗan gari ne, a ƙyale shi. An yi ƙa'idar ne don kada 'yan sintiri su yi ta dukan masu rumfa. Idon da suke duba takardar da shi sunansa PD-1, takardar kuma PD-L1. Daji sai ya koyi buga takardar. Ɗan sintiri ya zo da gora a sama, a miƙa masa, ya sauke hannu ya wuce yana ƙwafa. Sababbin magungunan ba sa taɓa ɓarawo da kansu. Wani ya rufe idon duba takarda, wani ya shafe takardar. Daga nan gora ta sauka.

Masana biyu da suka buɗe wannan hanya, James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan, sun sami kyautar Nobel a 2018. Amurka ta amince da avelumab don dajin Merkel a 2017, pembrolizumab a 2018, retifanlimab a 2023. Kusan rabin waɗanda aka fara yi wa magani da su ƙullin na raguwa, kuma da yawansu abin na ɗorewa shekaru, ba watanni ba. Dalilin da ya sa Merkel ke jin wannan magani fiye da yawancin dazuzzuka shi ne ɓarawon ba ya sajewa da 'yan gari: ko dai yana sanye da rigar baƙo ta bairos, ko rana ta yi masa tabo a fuska har ba mai kasa gane shi. An gwada su a kan Kaposi ma cikin mutane kaɗan, an ga alamun alheri. Amma ɗan sintirin da aka hana duba takarda wani lokaci mai tumatir yake rotsa wa kai. Garkuwa kan juya ta far wa hanji, ko huhu, ko hanta, ko maƙoƙo. Ga kuma kuɗi: kwalba ɗaya miliyoyin naira ce, kuma ba sau ɗaya ake yi ba. Manomi ya sayar da shinkafar rani da ta damina bai kama hanya ba.

Shi ya sa a ganina, a wannan yanki namu, muhawarar ba ta tsadar kwalba ba ce tukuna. Wanda ya fi damunmu Kaposi ne, shi kuwa babban makaminsa yana hannunmu. Ƙidayar da aka yi a 2018 ta nuna masu ƙanjamau a Arewa maso Yamma ba su kai ɗaya cikin ɗari na manya ba, amma kunya da tsoron bakin mutane na sa waɗannan 'yan kaɗan ɗin ɓuya har tabo ya riga su zuwa asibiti. Jihar Kebbi ba baƙuwar wayar da kai kan daji ba ce, Dakta Zainab Shinkafi Bagudu da gidauniyarta ta Medicaid sun yi shekaru suna wannan kira, musamman kan dajin mama da na bakin mahaifa. Na bakin mahaifar shi ma bairos ke kawo shi, kuma Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata rigakafinsa a 2023. Kaposi da Merkel har yau babu allurar rigakafinsu.

Don haka, mai karatu, in ka ga baƙin tabo ko ƙulli a ƙafarka, ko a bakinka, ko a jikin tsohonka, ba ya ciwo amma yana ƙaruwa mako bayan mako, kada rashin zafin ya yaudare ka. Fara da asibitin da ke kusa da kai, ko a Gwandu kake ko a ƙauyukanta. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka cibiyar lafiya ta Kalgo, ko asibitin Sir Yahaya, ko babban asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi, in kuma gashi ake bukata akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ka yarda a yi maka gwajin jini, ka yarda a yanki ɗan naman nan a duba, kuma ka gaya wa likita duk maganin da kake sha, har wanda ka saya a kemis.